Alewa Biyu ga Wanda Ya Jira

A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam, Walter Mischel, ya soma gwaji a makarantar yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Sai a ajiye wa yaro alewa guda, a ce masa in ya ci yanzu shi ke nan, in kuwa ya jira a dawo, zai samu biyu. Yaran da suka daure ba zuba wa alewar ido suka yi ba. Wani ya rufe fuska da tafin hannu, wani ya juya mata baya, wani ya kama waƙa. Ashe kamun kai yana da dabaru, kuma ana koyon su.

Abin da ya fi jan hankalina ya zo ne a 2013, daga Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester. Kafin su kawo alewa, sun yi wa yara alƙawarin sababbin kayan zane. Wasu aka cika musu, wasu aka dawo aka ba su haƙuri. Na farkon sun jira kimanin minti 12, na biyun kuwa minti 3. Yaron da ya yi wuf ya cinye tasa ba lallai ne kwaɗayi ya sa shi ba. Ya auna maganar babba ne ya ga ba ta da nauyi.

A Kamaru ma wata mai bincike, Bettina Lamm, ta gwada 'ya'yan manoman ƙabilar Nso masu shekara 4 da fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 suka jira, takwarorinsu na Jamus kuwa kashi 28. Wasu yaran Nso har barci ya kwashe su a zaune.

Mu dawo Abuja. Ma'aikaci ya fito daga Kubwa ko Nyanya tun da duku-duku don gudun cunkoso, ɗansa ya riƙe masa riga yana kuka. "Sake ni, Baffana, in na dawo zan kawo maka tsaraba." Bayan Isha'i ya shigo a gajiye, hannu rabbana, ya manta sarai. Yaron bai manta ba. Gobe kuma in ya yi rigima sai a miƙa masa waya, ba a bar shi ya samo tasa dabarar jira ba.

Amma muna da makarantar wannan darasi a gida. Dubi yadda ake koya wa yaro azumi: yau ya kai hantsi, gobe azahar, an faɗa masa iyaka, abinci kuma yana zuwa a kan lokaci. Haka ya kamata malamar naziri a Karu ko Gwarinpa ta yi: ta ce wasa sai an gama wannan shafi, da an gama kuma ta buɗe ƙofa. Uba kuwa, in ya san ba zai biya kanti ba, ya yi alƙawarin tatsuniya bayan cin tuwo, wadda ba ta buƙatar ko kwabo.