Daga Madafinmu: Sandawish ɗin Talotalo a Kan Saj

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani abinci da yara suka kawo mana gida. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023, 'yan'uwanmu da yawa suka dawo ƙauye da iyalansu, kuma cikinsu har da yaran da aka haifa a birni, waɗanda suka saba da sandawish ɗin kafeteriya, wanda ake matsewa a injin lantarki ya fito da zafi. A gidanmu sai da aka yi kwana uku ana fama da wani jika a kan ya ci tuwo, shi kuwa sandawish yake nema. Muka ce to, ba mu da inji, wuta ma ba kullum ba, amma ai muna da saj ɗin tuyar kisra, muna da gawayi, ga kuma talotalo yana yawo a tsakar gida.

Talotalo dai asalinsa daga ƙasar Meksiko ne, maƙwabtanmu Larabawa kuma suna ce masa dik rumi. Naman ƙirjinsa ba shi da kitse, don haka in aka yi sakaci sai ya bushe kamar kara. Maganin wannan kuwa yana hannunmu tun tuni, wato yajin agashe. Duk wanda ya san Sinnar ko Wad Madani ya san yadda jama'a ke son agashe, amma yaranmu da yawa sun ɗauka kalmar Larabci ce, alhali duk mai jin Hausa zai ji "gashi" a cikinta. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka zo aikin auduga bayan an gama madatsar Makwar a 1925, da irin wannan yaji suka zo.

Ga yadda za a yi. Uwargida ta sami rabin kilo na ƙirjin talotalo, zai ishi burodi shida. A yanka shi fale-fale, a gicciye, kada a bi tsawon tsokar, don ya yi taushi. A daka ƙuli-ƙuli cokali huɗu tare da citta, masoro, barkono da gishiri, a kwaɓa da man gyaɗa cokali biyu da ruwan lemun tsami guda, a shafe naman, a rufe shi a inuwa kamar rabin sa'a. Sannan a gasa a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba. A tsaga yanki mafi kauri a duba: muddin akwai ja a ciki, bai yi ba. Naman tsuntsu ba kamar na sa ba ne, ɗanyensa yana kawo gudawa, musamman ga ƙananan yara.

Burodin jiya ya fi na yau kyau a wannan aiki, kuma a tsadar nan ba mai zubar da burodi sai mara tunani. A tsaga shi a bar gefe ɗaya a haɗe, a shafa dakwa kaɗan, a jera nama, a sa soyayyar albasa, sannan jibna. In farar jibna ce irin ta Duwaim, a jiƙa ta a ruwa tukuna don gishirin ya ragu. Tumatir kuwa a bar shi sai a gefen faranti, domin ruwansa yana jiƙa burodi.

Yanzu sai matsewa. A ɗora saj a kan garwashin da ya fara yin toka, a goga masa mai kaɗan, a jera burodin, a ɗora tukunya mai ruwa a kai ta danne shi. Minti uku ya isa, a juya, a ƙara uku. Nauyin ne ke sa zafi ya ratsa har ciki, bayan kuma ya yi ƙaras-ƙaras. Mu ranar farko garaje muka yi, wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki da sanyi. A ci da zafinsa. A zafin ƙasar nan naman da ya wuce sa'a guda a buɗe ba abin ba yaro ba ne.

Shawararmu ita ce, kada uwargida ta yi aikin nan ita kaɗai. Ta kira yaran su daka yaji, ta faɗa musu sunan kowane abu da Hausa: turmi, taɓarya, garwashi, ƙuli-ƙuli. Jikan nan namu yanzu shi ke riƙe tukunya, kuma ya san ma'anar agashe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda nata ya kasance. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.