Moana: An Ari Sunan Maui, An Bar Labarinsa

Tun da kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin zane mai suna Moana a shekarar 2016, masu yabo ke cewa an girmama al'adun mutanen Folinesiya. Hujjarsu ita ce masu shirya shi, Ron Clements da John Musker, sun ziyarci tsibiran Fiji da Samowa da Tahiti, sun kuma kafa kwamitin masana ƴan yankin domin ba da shawara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai mai ba da shawara daban, mai yanke hukunci kan labari daban.

A dubi Maui. A bakin Mawori na Niyu Zilan da mutanen Hawayi, shi ne wanda ya janyo tsibirai daga ƙarƙashin teku da ƙugiya, ya ɗaure rana da igiya don yini ya ƙara tsawo, ya samo wa mutane wuta. Gwanin dabara ne irin na Gizo, wanda ba a raba alherinsa da ha'incinsa. A ruwayar Mawori, ajalinsa ya zo ne lokacin da ya nemi kayar da Hine-nui-te-po, uwargijiyar mutuwa, domin ɗan Adam ya daina mutuwa. Ya gaza, shi ya sa har yau ake binne mutane. Nan nauyin labarin yake.

Me fim ɗin ya yi da wannan gado? Ya tattara manyan ayyukan Maui cikin waƙar fahariya guda, ya mai da shi ƙato mai cika baki wanda damuwarsa kawai a so shi. Hina, wadda ke tare da shi a ruwayoyi da dama, babu ita. Te Fiti kuwa, wadda aka gina labarin a kanta, ƙirƙirar kamfanin ce. Abin da ya rage shi ne tsohon tsarin Holiwud: yarinya ta bar gida, ta sha wuya, ta gane matsayinta, kowa ya koma gida da murna.

Ba a hana fim ɗin haƙƙinsa. Ya nuna fasahar ratsa teku da taurari da igiyar ruwa, wadda kwalekwalen Hokule'a ya farfaɗo da ita a 1976 daga Hawayi zuwa Tahiti. An kuma fassara shi cikin harsunan Tahiti da Mawori da Hawayi. Amma a shekarar 2016 ɗin nan kamfanin ya sa rigar yara mai kama da fatar Maui da zanen jikinsa a kasuwa, sai da ƴan yankin suka yi ca sannan ya janye ta.

Kashi na biyu ya fito a 2024. Yaran duniya da yawa yanzu ba su san wani Maui ba sai mai barkwanci na Disney, kuma tsohuwar da ke ba da ainihin labarin a tsibirinta ba ta da majigin da za ta yi gogayya da shi.