WA KE BA DA LABARINMU?

Zuwa ga rassan Agiye, Caduwa, Gazawa, Tsibiri da Gidan Rumji.

 A karanta wannan takarda da ƙarfi a taron reshe, domin wanda bai shiga lakwal ba shi ma ya ji, ya kuma faɗi nasa.

Yau ba ƙauyen da ba rediyo, ba kasuwar da ba salula. Muna jin abin da ya faru a Landan da Makka kafin a sauke tukunyar tuwo. Amma labarin rumbunmu, da kuɗin tiyar hatsi, da ɗan da ke ramewa a bayan uwarsa, wa ke faɗa wa duniya shi? Mun ce mutum uku ne ke riƙe da wannan labari: baƙo mai na'urar ɗaukar hoto, da mai mulki, da salular da ke aljihunmu. Dukansu uku muna da ƙara a kansu, kuma da shaida muka zo.

ƘARA TA FARKO: BAƘO

Ku tuna da 2005. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewa. Tun watan Nuwamba 2004 gwamnati ta nemi taimakon abinci. A watan Mayu 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dalar Amurka miliyan 16. Duniya ta yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da Hilary Andersson ta BBC ta nuna hotunan yara masu ƙashin haƙarƙari a waje daga Maraɗi, sa'an nan jiragen sama suka fara sauka da kaya. Watau takardar roƙo ta yi wata takwas ba ta motsa kowa ba, hoton ɗa mai mutuwa ya motsa su cikin kwanaki. Ashe kuɗin shigarmu cikin labarin duniya gawar 'ya'yanmu ce!

Ba mu musun cewa hoton nan ya ceci rayuka. Likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma iyayensu ba su manta ba. Abin da mu ke ƙi shi ne yadda aka ba da labarin. Aka ce fara ce da fari, aka rufe baki. To, amfanin gonar 2004 ya kasa abin da aka saba samu da kamar kashi 11 cikin 100 ne kawai. Yaran da suka cika wuraren jinya kuwa, da yawansu daga Gidan Rumji da Madarumfa suka fito, ƙasar noma, rumbun Nijar. Hatsi yana nan jibge a kasuwa. Buhun kilo 100 ya kusa jikka 30 a wasu kasuwanni, shi da a kaka bai kai rabin haka ba. Hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya, fatake suka karkata can. Mali da Burkina suka hana fitar da nasu. Talaka ya riga ya sayar da nasa da arha tun kaka domin biyan bashi, ya dawo da bazara yana sayen shi ninki. Gwamnati ta tsaya a kan sayarwa da rangwame, jikka 10 buhu, ga mutumin da ba shi da ko dala. Rabon kyauta sai watan Agusta. A asibiti kuma sai an biya kafin a duba yaro.

Wannan duka aikin mutane ne, kuma mutane na iya gyara shi. Amma fara ta fi daɗin ɗauka a hoto, ba ta kuma da lauya. Wanda ya ce fara ce ya wanke mai ɓoye hatsi da mai ba da bashi da ruwa, ya wanke mai doka.

Ku dubi kuma labarin da bai kawo su da gudu ba. Tun dokar gandun daji ta Faransa ta 1935 aka mai da itacen daji na hukuma, manomi ya zama baƙo ga gawon da ke gonarsa, ya riƙa sare tohon tun yana ƙarami don kada ya jawo masa tara. Daga 1983, a nan ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo mutumin Ostareliya da manomanmu suka fara abin da mu ke kira sassabin zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu gona zuwa gona. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itace, da mata da makiyaya a ciki. Da masana suka gwama hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta eka miliyan 5 ta awon hekta sun farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Da gatari da lauje aka yi wannan. Jaridar New York Times ba ta ba da labarin ba sai 2007, bayan shekara ashirin da 'yan kai. Yunwa ta kawo su cikin mako, aikin hannunmu ya jira su shekara ashirin.

Haka a 2019, da 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara, fiye da 40,000 suka tsallako cikin 'yan watanni. Kafin a buɗe matsugunan Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, wa ya sauke su? Talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka raba ɗaki da ƙwaryar fura da su. Wannan karimci nawa ne cikin masu sauraron duniya suka ji shi?

ƘARA TA BIYU: MAI MULKI

Kada wani ya ɗauki maganarmu ya kai fada ya ce: kun ji, baƙi ne maƙaryata, a rufe su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙo ya ba da labarinmu a karkace ne domin na gida ya ƙi ba da shi a miƙe.

A farkon 2005, ana tsakiyar tsadar nan, aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. Jama'a suka rufe kasuwanni, aka kama shugabanninsu, daga baya hukuma ta ja da baya. A watan Agusta, yara na mutuwa a Maraɗi, Shugaba Tanja Mamadu ya gaya wa BBC cewa ba yunwa a ƙasar, mutanensa a ƙoshe su ke. A watan Satumba 2007 aka tsare Musa Kaka, wakilin RFI kuma shugaban rediyon Sarauniya, ya yi shekara guda cur a kurkuku. A watan Yuli 2008 aka dakatar da MSF ta Faransa daga aiki a Maraɗi, ta tattara ta tafi. Yaran da ta ke jinya, tamowarsu ta tafi tare da ita ne?

Mulki ya sake hannu, hali bai sake ba. Ran 3 ga Agusta 2023 aka yanke RFI da France 24. A watan Disamba 2024 aka dakatar da BBC wata uku saboda labarin wani hari a jihar Tilaberi. Mun ji hujjar da a ke bayarwa: wai labarin baƙo yana karya zuciyar soja, yana ɓata sunan ƙasa. Mu ma ƙasar nan tamu ce, ba wanda ya fi mu kishinta. Amma amsar ƙarya ita ce a fito da lissafin gaskiya a baje shi a faifai. In aka kashe rediyo, kunnen talaka ba ya toshewa, komawa ya ke ga jita-jitar tasha, wadda ba ta da ofishin da za a kai ƙararta.

Tarihinmu ma ya yanke hukunci. Yunwar 1973 da zargin cinye kayan agaji suna cikin abin da ya kai gwamnatin Diori Hamani ƙasa ran 15 ga Afrilu 1974. A 2010 kuwa, da Salu Jibo ya hau, aka fito fili aka ce akwai yunwa, taimako ya zo da wuri fiye da 2005. Ƙasa ba ta tozarta don ta faɗi ciwonta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada kuma mu jingina da bangon wani. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Kowace da mai biyan ta. A watan Maris 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a takarda guda, sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, ba wanda ya shawarci mai sauraro a Gazawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

ƘARA TA UKU: SALULA

Salula ta shigo Nijar a 2001. Alherinta a bayyane ya ke. Wata masaniya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta iske bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta kai. Mai aya a Caduwa yana iya jin kuɗin Jibiya da Dawanau kafin ya ɗora buhu a amalanke, dillali ba ya rufe shi kamar da.

Amma wayar nan ita ce kuma ke kawo muryar da ba a san mai ita ba a WhatsApp: an kai hari gari kaza, allurar rigakafi guba ce, ƙabila kaza ce ke sace mutane. Hoton wata ƙasa na shekarun baya sai a manna masa sunan ƙauyenmu. Mu da kanmu mu ke turawa, har da ƙarin "a yaɗa saboda Allah". A ƙasar da manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, irin wannan saƙo ashana ce a bakin rumbu. Mun zargi baƙo da faɗin abin da bai bincika ba. In muka yi irin nasa, da wane baki za mu yi magana?

ABIN DA KE KAN KOWANE RESHE

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka muna kiran rassa ga aiki biyar, ba wanda ke bukatar izinin kowa:

1. Kowace ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar hatsi, dawa da wake, da kuɗin akuya, cikin littafi guda. In hatsi na hawa akuya na faɗuwa, yunwa ce ke sallama tun watanni kafin a gan ta a jikin yara.

2. Mata biyu a kowane reshe su riƙa ƙidayar gidajen da suka koma ci sau ɗaya, da waɗanda suka fara jiƙa anza. Tun 2006 doka ta ce jinyar yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Inda aka karɓi kuɗi ko aka ce ba magani, a rubuta rana da wuri.

3. A kai wannan lissafi ga magajin gari da rediyon karkara mafi kusa, a nemi a karanta shi da Hausa. In an ƙi, a rubuta cewa an ƙi, a karanta a taro.

4. Kada ɗan reshe ya tura saƙon da bai san mafarinsa ba. A tambaya: wa ya faɗa, ina, yaushe, wa ya gani da ido? In ba amsa, saƙon ya mutu a hannunka.

5. Yaran lakwal su ƙidaya itatuwan gonakin gidansu, su zauna da tsofaffi su rubuta yadda aka yi yunwar 1984 da ta 2005, da yadda aka fita. In baƙo ya zo da na'urarsa, a karɓe shi da mutunci, a nuna masa asibiti, a kuma kai shi gona. Kada a ɗauki hoton ɗan kowa sai da yardar uwarsa.

'Yan'uwa, da ɗan gari a kan ci gari. Wata bazarar mai tsanani za ta zo, domin ba ta taɓa fasawa ba. Ranar nan, ko dai littafin reshe ya riga ya yi kururuwa tun watan Janairu, ko kuwa mu sake zaman jiran mai hoto a watan Yuli. Ku zaɓi magatakarda a taron nan, ku sayi littafi da alƙalami kafin kasuwa mai zuwa.

LABARIN TALAKA A BAKIN TALAKA!

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Wassalam.