Wa ke kwashe ɓarnar sabuwar siga?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu rubuta manhaja, daga Amurka har Kano. Wai masu haɗa tsarin Linux, irin su Debian, sun zama tsofaffin dillalai da zamani ya wuce. Suna riƙe da tsohon Python da tsofaffin laburare, suna shafe shekara biyu kafin su saki abin da duniya ta riga ta gama yayi. Ga pip, ga npm, ga Docker, kowa ya ɗauko abin da yake so kai tsaye daga hannun wanda ya rubuta shi, a huta da ɗan tsakiya. Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen wanda bai taɓa riƙe kwamfutar da wasu mutane suka dogara da ita ba. Amma kuskure ce, kuma kuskure mai tsada, domin nawar nan da ake zagi ita ce ainihin aikin da ake yi mana, galibi ba tare da an biya kowa ko sisi ba.

Mu fara da sanin abin da mutanen nan suke yi. Ian Murdock ne ya kafa Debian a 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne, kusan dubu ɗaya, ke jan ragamarsa. Debian 12, wanda aka saki a watan Yunin 2023, yana ɗauke da ƙunshin manhaja sama da dubu sittin. Dubbai daga ciki da harshen Python aka rubuta su, kuma dukkansu Python guda ɗaya suke jingina da shi, wato wanda ke cikin tsarin. Haka lamarin yake ga Perl da Ruby da sauransu. Sauya sigar harshe a irin wannan gida kamar sauya azarar ɗaki ne iyali na kwance a ciki: ba ka zare tsohuwa sai ka tabbata sabuwa ta ɗauki nauyin rufin. Shi ya sa sabon ƙunshi yake fara sauka a sashen da ake kira sid, a gina shi domin kwamfutoci iri-iri, a gwada shi, a kuma gwada duk manhajojin da suka dogara da shi. In ya yi 'yan kwanaki bai karya komai ba, sai ya haura sashen gwaji. Daga nan sai a dakatar da shigar sababbin abubuwa na tsawon watanni, a yi ta gyara, sannan a ce ga tabbatacciyar siga.

Wanda yake son ya ga nauyin wannan aiki ya dubi ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3. An saki Python 3.0 a Disambar 2008, kuma da gangan aka yi shi bai jitu da magabacinsa ba. Guido van Rossum, maƙirƙirin harshen, da abokan aikinsa suna da hujjarsu. Harshen ya tara tarkace, musamman wajen sarrafa rubutu. A Python 2, haruffan da ba na Turanci ba, irin su ɓ da ɗ da ƙ namu, sukan tsayar da manhaja cak in marubucinta bai yi hattara ba. Python 3 ya mayar da Unicode tushen duk wani rubutu, kuma wannan alheri ne gare mu. Sai dai gyaran ya zo da ɓarna. Wata ɓarnar a fili take, manhaja ta ƙi tashi, kowa ya gani. Wata kuwa a ɓoye take: a Python 2, in ka raba 5 gida 2 za ka sami 2, a Python 3 kuma 2.5. Manhajar lissafin albashi za ta ci gaba da aiki ba ƙorafi, amsa ce kawai ta canza.

Masu harshen sun fitar da 2.7 a 2010 suka ce daga shi an rufe ƙofa. Da farko sun sa 2015 a matsayin wa'adi, da suka ga duniya ba ta shirya ba suka ƙara shekara biyar. Ranar 1 ga Janairun 2020 suka nannaɗe tabarmarsu. A wurinsu magana ta ƙare. A Debian kuwa a lokacin gumi na ta zuba. A 2019 an buɗe rahoton gyara sama da dubu uku, kowane ƙunshi da nasa. Kowanne sai wani ɗan Adam ya zauna ya bincika: marubucin manhajar nan yana nan kuwa? Ya sabunta ta? In ya watsar da ita, za mu gyara da kanmu ko mu cire ta? In mun cire, su wa za su shiga uku? Kuma ba a yin aikin yadda aka ga dama, dole a fara daga rassa a gangaro zuwa saiwa, domin ba a cire laburare muddin akwai ko manhaja ɗaya da ke rataye da shi. Debian 11 ya fito a Agustan 2021 da ragowar Python 2.7, an bar shi ne kawai saboda wasu manhajoji ba sa ginuwa sai da shi. Sai a Debian 12 aka rabu da shi ɗungurungum, shekara goma sha huɗu da rabi bayan fitowar Python 3. Kamfanin Red Hat kuwa, mai karɓar kuɗin kwastomomi, ya ci gaba da toshe ɓarakar Python 2.7 har tsakiyar 2024.

To, a cikin wannan labari wa ya yi nawa? Wanda ya yanke hukunci a rana ɗaya, ko wanda ya bi gida-gida yana kwashe abin da hukuncin ya rushe? Kuma kada a ɗauka abu ne da ya faru sau ɗaya ya wuce. Yanzu kowace shekara, a watan Oktoba, sabon Python yake fitowa. Na 3.12 ya cire distutils, wanda tarin manhajoji suke amfani da shi wajen girka kansu. Na 3.13 ya kwashe tsofaffin sassa goma sha tara a lokaci guda, ciki har da cgi da telnetlib. Duk shekara ma'aikatan Fedora, wani tsarin Linux ɗin, suna sake gina dubban ƙunshi a kan Python ɗin da bai ma fito ba tukuna, suna kai rahoton abin da ya karye ga masu harshen da masu laburaren. Wato sabon Python ɗin da matashi ke saukewa yana alfahari da shi, waɗannan dillalan da yake rainawa suna cikin waɗanda suka tace masa shi.

Yanzu mu dubi hanyar da ake cewa ta fi. A rumbun PyPI da na npm, duk mai asusu yana iya ɗora abin da ya ga dama, ba mai karantawa kafin ya isa kwamfutarka. A Maris ɗin 2016 wani marubuci ya yi fushi da npm kan rigimar suna, ya janye manhajojinsa, ciki har da left-pad mai layi goma sha ɗaya kacal. Cikin sa'o'i kaɗan ginin dubban ayyuka ya tsaya a faɗin duniya. A 2018 wani baƙo ya karɓi riƙon event-stream daga hannun mai shi da ya gaji, ya cusa masa abin satar kuɗin bitcoin, mutane suka yi ta saukewa ba su sani ba. Wannan shi ne cinikin da ba dillali: kaya suna zuwa da sauri, guba ma haka.

Labarin xz ya fi kowanne bayyana gaskiyar lamarin. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana lallaɓa mai riƙon wannan ƙaramar manhajar matse fayil har ya sami amincewarsa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya rage masa shi ne a shigar da su manyan tsare-tsaren Linux, kuma an yi ta matsa wa masu riƙon ƙunshi lamba su gaggauta. A ƙarshen Maris ɗin 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, yana aiki a kan sid, ya lura shiga kwamfuta ta SSH ya ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono asirin. Gubar ta shiga sid da sashen gwaji, ta shiga sigogin gwaji na Fedora, amma ba ta kai ga tabbataccen Debian ba, domin shi tsohuwar siga yake riƙe da ita. Miliyoyin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da bayanan kamfanoni sun tsira ne da abin nan da ake kira nawa. Hausawa sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.

Masu Docker za su ce su ba ruwansu, kowace manhaja tana cikin akwatinta da nata laburaren. Haka ne, har ranar da aka gano ɓaraka a laburaren. A tsarin Debian kwafi ɗaya ne, a gyara shi sau ɗaya, duk masu jingina da shi sun warke. A tsarin akwati-akwati kuwa, kwafi hamsin ne a wuri hamsin, kowanne sai mai shi ya tuna ya sake gini. Da aka gano ɓarakar Log4j a Disambar 2021, babban tashin hankalin kamfanoni shi ne ba su ma san a waɗanne manhajojinsu laburaren yake ɓoye ba. Akwatin ma, in ka buɗe shi, sau da yawa Debian ko Ubuntu ko Alpine za ka tarar a ƙasansa. Mai cewa ya rabu da dillali a kan kafaɗar dillalin yake tsaye.

Ba wai masu riƙon ƙunshi mala'iku ba ne. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a Debian ya raunana makullan sirri, ba a kuma gano ba sai a Mayun 2008. Wannan babban tabo ne, kuma laifin na ɗan tsakiya ne tsantsa. Gaskiya ne kuma cewa mai binciken ƙirƙirarriyar basira, ko mai gina sabon shafi, ba zai iya jiran shekara biyu kafin ya taɓa sabon laburare ba. Amma wannan buƙata tana da hanyarta, kuma tana cikin Python ɗin kansa: venv, keɓaɓɓen wuri inda za ka girka duk sabon abin da kake so ba tare da ka taɓa na tsarin ba. Da Debian 12 ya fara hana pip zuba kaya a cikin Python na tsarin, an yi ta kururuwa wai an tauye 'yanci. Alhali masu Python da kansu ne suka amince da wannan ƙa'ida a takardarsu mai lamba 668, saboda sun gaji da ganin ɓarnar. Mutum nawa ne suka sauya Python a Ubuntu suka wayi gari tagar rubuta umarni ta ƙi buɗewa? Nawa ne suka yi haka a CentOS 7 suka kashe yum, wato kayan aikin da za su yi gyaran da shi?

Abin ya fi shafar mu fiye da yadda muke zato. Mai aiki a kamfanin da ke da injiniyoyi ɗari, da intanet da ba ya yankewa, yana iya bin kowace sabuwar siga, in ta karye a gyara kafin la'asar. Ɗakin kwamfutar makaranta a Zariya ko Damagaram, ko ƙaramin asibitin da ke ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfutar gwanjo, ba su da wannan gata. Data da tsada, wuta ba tabbas, wanda ya girka tsarin ma ƙila ya gama hidimar ƙasa ya koma garinsu. Abin da irin wannan wuri yake buƙata shi ne tsarin da za a girka yau, ya yi ta karɓar ƙananan gyare-gyaren tsaro har kusan shekara biyar ba tare da halinsa ya canza ba. Wannan kuwa shi ne alƙawarin Debian, kuma ba pip ko npm da ke ɗaukar wa kowa irinsa. Duk da haka, bidiyoyin koyarwa da matasanmu ke kallo suna koya musu su haɗa sudo da pip, su ɗauki duk abin da ya kwana biyu a matsayin shara.

Saboda haka a sauya inda ake nuna yatsa. Masu ƙera harsuna su sani duk sashen da suka cire, wasu ne za su biya da dararensu, don haka su rage karya abin da ke aiki. Kamfanonin da ke cin riba a kan Debian su ɗauki nauyin masu riƙon ƙunshin da suke dogara da su. Malaman kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojinmu su koya wa ɗalibai bambancin Python na tsari da Python na aikinsu tun a zangon farko. Kai kuma matashi mai rubuta manhaja, in ka ga laburaren da kake so ya tsufa a Debian, ƙofar a buɗe take: akwai jerin ƙunshin da masu su suka bari suna neman mai riƙo, kuma ba a tambayar kowa takardar shaida ko ƙasarsa. Ka ɗauki ɗaya ka riƙe shi har ya tsallake sauyin siga guda, sannan ka zo mu yi maganar nawa.