Hular Kwano Da Ƙoƙon Kai

A makon jiya da hantsi ina tsaye a bakin titi a unguwar Arawa, cikin garin Gombe, ina jiran abin hawa, sai na shiga lura da 'yan acaɓa da ke kai da kawowa. Cikin duk waɗanda suka wuce, mutum ɗaya tak na gani da hular kwano, shi ma ba a kansa take ba, ya rataye ta ne a hannun babur tana lilo kamar gorar fura.

Dokar sa wannan hula kuwa ba sabuwa ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta wa masu babura da fasinjojinsu sa ta tun ran 1 ga Janairu, 2009. Masu karatu za su tuna abin da ya biyo baya. A Kano wasu suka kifa ƙwarya a ka, wasu bokitin fenti, don dai su wuce ma'aikata. Aka kuma baza jita-jita wai ana sa asiri a cikin hular don a sace fasinja. Aka sha dariya, sannu a hankali doka ta yi sanyi.

To, a cikin watan Maris na shekarar 2009 wani abu ya faru a ƙasar Kanada wanda ya kamata mu yi wa kunnen basira. Turawa suna da wani wasa na zamiya a kan dusar ƙanƙara, watau mutum ya ɗaura dogayen katakai a ƙafa ya gangaro daga kan tsauni. Wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Ricadson, ta faɗi tana koyon wannan wasa, a gangaren 'yan koyo, ba hula a kanta. Ta miƙe tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Bayan kwana biyu ta rasu, tana da shekara 45. Ashe jini ne ya tsinke a cikin ƙoƙon kai yana taruwa a hankali, har ya danne ƙwaƙwalwa.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin mu ma haka muke yi. Mutum ya faɗi daga kan babur, kansa ya bugi kwalta, ya tashi ya kakkaɓe riga, jama'a su yi masa barka da arziki, ya tafi gida. Ba a ga jini ba, saboda haka ba komai. Alhali kuwa ƙoƙon kai rufaffen akushi ne, jinin da ya zuba a ciki ba shi da mafita. In amai ya biyo baya, ko matsanancin ciwon kai, ko barcin da ba a saba gani ba, ko ruɗewar magana, to, kada a tsaya shafa man zafi, a garzaya asibiti.

Sai kuma Maikel Shumaka, Bajamushen nan da ya ci kambin tseren motoci na duniya har sau 7. Ran 29 ga Disamba, 2013, ya faɗi a irin wannan wasa a tsaunukan Faransa, kansa ya daki dutse. Ya ji mummunan rauni, amma likitocinsa sun ce da ba don hular da ke kansa ba, da bai kai asibiti da rai ba. Wanda ya gangaro a kan ƙanƙara da wanda ya taso daga Arawa zuwa Babbar Kasuwa, ƙashin kansu iri ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa sa hular yadda ya dace yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kashi 69.

Na san uzurin 'yan'uwanmu masu acaɓa: zafi da tsada. Zafin Gombe a watan Afrilu ba wanda zai yi musunsa, ni ma na sha shi. Sai dai kuɗin hula ɗaya bai kama ƙafar kuɗin hoton ƙwaƙwalwa a asibiti ba, balle jinyar watanni, ga iyali an bari ba mai kawo cefane.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa na Gombe su ɗauki wannan aiki da kansu, tun da sun fi kowa sanin 'ya'yansu. Su nemo huluna na gaskiya masu soso a ciki, ba na leburorin gini ba, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi. Su kuma duba igiyar haɓa, gama hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.