Suna ba ya ƙera bindiga: abin da ya kada kamfanin Remington

A shekarar 1816 ne Eliphalet Remington ya fara ƙera bindiga a yankin Ilion, cikin jihar New York ta Amurka. Kamfanin ya kai shekara 200 yana aiki, har ta kai mafarauci in ya ce bindigarsa Remington ce, ba a ƙara tambayarsa ko tana da kyau. Amma a 2018 kamfanin ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashi, ya sake komawa a 2020, aka sayar da shi gunduwa-gunduwa. A watan Maris na 2024 aka rufe masana'antar Ilion. A ganina, tun kafin bashi ya kada shi, inganci ya riga ya bar gidan, kuma masu gidan ne suka buɗe masa ƙofa.

Mu fara da kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja bindiga ta tashi. Bindigar farauta ta Model 700 ta fito a 1962, an sayar da fiye da miliyan 5. Injiniyan kamfanin, Mike Walker, shi ya tsara kunamarta tun cikin shekarun 1940. Mutane da dama sun kai ƙara cewa takan tashi ba tare da an taɓa kunama ba, wani lokaci daidai sa'ad da ake zare makullin tsaro. A shekarar 2000, a jihar Montana, wani yaro ɗan shekara 9 ya rasu lokacin da mahaifiyarsa take shirin cire harsashi daga irin wannan bindiga. Takardun kamfanin da tashar CNBC ta fito da su a 2010 sun nuna cewa Walker da kansa ya kawo shawarar gyara tun 1948, gyaran da zai ci santi 5 da rabi a kowace bindiga, amma aka ƙi. Kamfanin dai bai taɓa amsa laifi ba. Ya dage cewa datti ne, ko sakaci, ko taɓe-taɓen masu bindigar. Duk da haka, a 2014 ya yarda zai canza kunama a bindigogi kimanin miliyan 7 da rabi.

Wannan tsohon ciwo ne. Sabon ya zo a 2007, lokacin da Cerberus, kamfanin masu jari da ke sayen kamfanoni don neman riba, ya sayi Remington. A ƙarshen shekarar aka haɗa masa da Marlin, wani tsohon gidan ƙira da aka kafa a 1870 a jihar Connecticut. A 2011 aka rufe masana'antar Marlin ta North Haven, aka kwashe injuna zuwa wasu jihohi, aka bar yawancin ma'aikatan a baya. Injunan tsofaffi ne, waɗanda suka shekara a kansu ne suka san halinsu: inda ake sassautawa, inda ake ƙara goga. Da aka raba su, sai masu saye suka fara kukan ƙota da ba ta zauna daidai ba, da saiti a karkace. Da tsohuwar zuma ake magani, amma an zubar da ita don a rage albashi.

Shekarar 2014 ta tona sauran asirin. Sabuwar kunamar X-Mark Pro, wadda aka kawo a madadin ta Walker, ita ma aka janye ta, duk wadda aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda gam ya yi yawa wajen haɗawa, har bindiga tana iya tashi da kanta. Shekara takwas ke nan kaya suna fita. A shekarar kuma ƙaramar bindigar R51 ta shiga kasuwa, bayan ƴan watanni aka dakatar da ita don yawan cijewa.

Wani zai ce injunan yau masu aiki da kwamfuta sun fi hannun mutum daidaito, kuma cinikin bindiga ya faɗi a Amurka bayan zaɓen 2016. Duka gaskiya ne. Sai dai inji abin da aka sa shi yake yi. Auna kowane ƙarfe, harba gwaji, mayar da abin da bai yi ba, duk suna cin lokaci da kuɗi, kuma kamfanin da bashin kusan dala miliyan 950 ke wuyansa, nan yake fara yankewa. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Hujjata ta ƙarshe Marlin ce. Kamfanin Ruger ya saye ta a 2020, ya yi fiye da shekara yana sake tsara ƙirar kafin ya fitar da bindiga ta farko a ƙarshen 2021, kuma masu saye suka yaba. Suna ɗaya, samfuri ɗaya, haƙuri ne ya bambanta.

Malamai da iyaye sun san wannan ba tare da sun riƙe bindiga ba: gwaninta a jikin mutum take, kuma aikin da ba mai dubawa lalacewa yake yi. Bambancin kawai shi ne, kuskuren littafi ana goge shi, harsashin da ya fita kuwa ba ya dawowa.