Tsakanin Hausa da Suwahili, Wa Zai Yi Tafinta?

Ni ba Bahaushe ba ne. A Mbamba aka haife ni, cikin Yola, kuma da Fulatanci na buɗi baki. Hausa kuwa a bakin 'yan tireda na kasuwar Jimeta na fara tsintarta, inda na sha dariya saboda ina cewa "Inna ya zo". Na kawo wannan ne domin 'yan'uwa ɗalibai su san cewa mai wannan magana ya ɗanɗani wuyar koyon harshen wasu.

Bara na soma koyon Suwahili. Da abokaina suka ji, sai suka ce me ya kai ni, alhali ga waya a hannu tana fassara kyauta? Ban ce ba su da hujja ba. Google Translate ta sa Suwahili a 2009, ta sa Hausa a 2013, har Fulatanci ya shiga a 2024. Wanda ke son sanin gundarin saƙo cikin gaggawa, haƙiƙa na'ura za ta fisshe shi.

To amma ga abin da ya same ni. Wani malami ɗan Tanzaniya da ke koya mini ta intanet ya rubuto cewa mu haɗu "saa mbili usiku". Na liƙa maganar a wata manhajar fassara, ta ce mini ƙarfe biyu na dare. Na yi lissafi cewa sun riga mu da awa biyu, na zauna zaman jira da sha biyun dare. Ashe bawan Allah tun kafin magariba ya jira ni har ya gaji. Su a wurinsu ƙirgen awa daga fitowar rana yake farawa, ya sake farawa da faɗuwarta. Ƙarfe bakwai shi ne "saa moja", don haka takwas na dare yake nufi. Kowace kalma an fassara ta daidai, amma na rasa darasina.

Akwai kuma matsalar jinsi. Suwahili, kamar Fulatanci, ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna. Kalmar "alikuja" tana iya zama "ya zo", tana iya zama "ta zo". Hausa kuwa dole ta zaɓi ɗaya, na'ura kuma sai dai ta yi canke. A hira ba komai, amma a takardar gado ko ta asibiti fa?

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne, mu ɗaliban Hausa ba daga tushe za mu fara ba. Harsunan biyu sun yi aro daga Larabci. Su ce habari, mu ce labari. Su ce kalamu, mu ce alƙalami. Su ce kitabu, mu ce littafi. Duba da kyau, za ka ga Hausa ta riƙe "al" ta Larabci, Suwahili ya yar da ita. Mai jin Fulatanci kuma yana da ƙarin riba, domin azuzuwan sunaye da ke firgita masu koyo ba baƙo ba ne a wurinsa. Wanda ya saba da Pullo da Fulɓe ba zai sha wuyar mtu da watu ba.

Wani zai ce, mu da ke maƙwabtaka da Kamaru ai Faransanci ya fi mana amfani. Ban musa ba, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya. Sai dai mu duba inda Suwahili ya kai. A 2021 UNESCO ta ware masa ranar 7 ga Yuli a matsayin ranarsa ta duniya, a 2022 kuma Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa da na Suwahili, shekara guda, amma yau an yi mana nisa a wannan fage. Ba da ka suka kai nan ba. Tanzaniya ta kafa hukumar raya harshen, BAKITA, a 1967, kuma Shugaba Julius Nyerere da kansa ya zauna ya fassara wasannin Shakespeare biyu. Mai son Hausa ta kai can, ya kamata ya iya karanta yadda suka yi da harshensu.

Abin takaici, duk lokacin da waɗannan manyan harsunan Afirka biyu za su gaisa, sai Turanci ya tsaya a tsakani. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu roƙi sashe ya nema mana kwas na zaɓi, ko da na zango ɗaya ne. Kafin nan, 'yan ajin ƙarshe masu neman batun kundi, ga ƙaramin ƙamus na Hausa da Suwahili yana jiran mai yi. Mu riƙe na'ura a matsayin ɗan aike, amma mu tuna Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Allah Ya sa mu dace.